RA'AYINMU: Baƙon Da Ya Shiga Gari Ya Ja Ƙofa



A zaman da kwamitinmu ya yi na ƙarshe an sake kawo maganar takardar indijin, wadda ta zame mana ƙarfen ƙafa a wannan gari. Wasu yaranmu uku ne suka gama makaranta da sakamako mai kyau, suka je neman aiki, aka ce sai sun haɗa da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Dukansu a nan Sabo aka yanke musu cibiya, iyayensu ma a nan Badun aka haife su. Da suka je inda ake bayarwa, sai aka ce su tafi garinsu. Ɗaya daga cikinsu ya ranci kuɗin mota ya tafi garin da kakansa ya baro tun zamanin Turawa, can ma mai unguwa ya ce bai san gidansu ba, ba zai sa hannu ba. Yaro ya dawo hannu rabbana.

Ana cikin wannan magana ne wani ɗanmu da ke koyar da tarihi ya ba mu labarin wani Bature da ya yi zamani a Amurka fiye da shekara 200 da suka wuce. Mun ga ya dace mu kawo shi a wannan fitowa, domin labari ne na baƙo da 'yancin baƙo, kuma akwai inda ya taɓa mu mu kanmu. Muna roƙon waɗanda suka iya karatu su karanta wa sauran 'yan'uwa a majalisa da ajin yaƙi da jahilci.

Sunan mutumin Pierce Butler. An haife shi ranar 11 ga Yuli 1744 a yankin Carlow na ƙasar Ailan, wadda a lokacin take ƙarƙashin Sarkin Ingila. Ubansa basarake ne mai ƙasa, to amma shi ɗa na uku ne, kuma a al'adarsu babban ɗa ke gadon gida da gona da sarauta, saura kowa tasa ta fisshe shi. Sai aka saya masa muƙami a soja, domin a wancan zamani da kuɗi ake sayen anini a rundunar Ingila. Aikin soja ne ya kai shi Amurka tun tana hannun Ingila, har ya kai muƙamin manjo. A 1771 ya auri Mary Middleton, 'yar wani babban gida na masu gandu a Karolina ta Kudu. Bayan shekara biyu ya sayar da muƙaminsa, ya tuɓe kaki, ya zuba dukiyarsa a ƙasar noma da bayi.

A lura da kyau, wannan mutum ba a can aka haife shi ba, balle ubansa ko kakansa. Hasali ma da kakin sarkin da mutanen ƙasar za su yi wa tawaye ya shigo. Duk da haka, da yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke a 1775 ya bi bayan mutanen da yake zaune a cikinsu. A 1779 Gwamna John Rutledge ya damƙa masa aikin tsara dakarun jihar. A 1780 sojojin Ingila suka ci birnin Charleston, ya yi hasarar dukiya mai yawa, ya ci gaba da yaƙi. Mutanen jihar kuwa suka zaɓe shi majalisar dokokinsu, inda ya yi wajen shekara goma, ba wanda ya ce ya koma Ailan ya kawo takarda. A wannan majalisa an san shi da goyon bayan ƙananan manoma na cikin ƙasa, waɗanda ke kukan cewa attajiran bakin teku sun handame kujeru. Har zuwa nan, da a zangonmu yake, da mun ce ga ɗan halak, ga abin koyi.

A 1787 aka kira babban taro a birnin Filadelfiya domin rubuta tsarin mulkin Amurka. Karolina ta Kudu ta tura mutum huɗu, har da Manjo Butler. A nan ne halinsa ya fito fili a kan abubuwa uku.

Na farko, ranar 9 ga Agusta aka zo kan maganar shekara nawa wanda ba haifaffen ƙasar ba zai yi da zama ɗan ƙasa kafin ya shiga majalisar dattawa. Daftarin da ke gabansu ya ce shekara 4. Wani wakili ya nemi a mayar da ita 14. Butler ya miƙe ya mara masa baya, yana mai cewa baƙi kan zo da ɗabi'u da ra'ayoyin ƙasarsu, kuma haɗari ne a sa su cikin shawarar ƙasa da wuri. Har ya kafa hujja da kansa, wai shi ma da an ba shi muƙami farkon zuwansa da bai dace ba. Wani wakilin mai suna James Wilson, wanda shi ma baƙo ne haifaffen Sikotilan, ya ƙi wannan magana, ya nuna irin zafin da mutum ke ji idan aka ware shi a ƙasar da ya ba ta ƙarfinsa. Dattijo Benjamin Franklin da James Madison suka bi bayan Wilson. Aka yi ta ja-in-ja, daga baya aka tsaya a kan shekara 9 ga majalisar dattawa, 7 ga ta wakilai, kuma har yau haka dokar take. Baƙi biyu ke nan a zaure ɗaya, ɗaya ya tuna yadda ya shigo, ɗaya ya manta.

Na biyu, da aka zo rabon kujerun majalisa bisa yawan jama'a, Butler ya nemi a ƙirga bayi ɗaya bayan ɗaya daidai da 'ya'ya. Wanda bai sani ba sai ya ce tausayi ne. Ina! Bawa ba ya jefa ƙuri'a, saboda haka duk kan da aka ƙirga ƙarin kujera ne ga ubangidansa. Ba a ba shi yadda ya so ba, aka daidaita a kan cewa kowane bayi biyar za a lissafa su a matsayin mutum uku. Mu da ake ƙirga mu ranar ƙidaya, a karɓi harajinmu a kasuwa, a zo neman ƙuri'armu, sannan ranar rabon gurbin karatu a ce ba mu cikin lissafi, mun san ɗanɗanon wannan, ko da yake ba ma haɗa halinmu da na bawa.

Na uku shi ne mafi muni. Ranar 28 ga Agusta shi da abokinsa Charles Pinckney suka kawo shawarar cewa duk bawan da ya gudu zuwa wata jiha a kamo shi a miƙa kamar yadda ake miƙa mai laifi. Wasu suka yi ƙorafi, ya janye, kashegari ya dawo da ita da wasu kalmomi, aka amince ba tare da gardama ba. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne inda aka ajiye wannan doka. Tana cikin sashe na 2 na babi na 4, kuma farkon wannan sashe shi ne ya ce ɗan kowace jiha yana da haƙƙin da 'yan ƙasa ke da shi a duk jihar da ya shiga. Watau a shafi ɗaya an buɗe wa wasu hanya su zauna inda suka ga dama, an kuma sa a bi sawun wasu duk inda suka sa ƙafa.

Da sabuwar gwamnati ta kafu, Butler ya zama ɗaya daga cikin sanatoci biyu na farko na Karolina ta Kudu. Ya yi daga 1789 zuwa 1796, ya sake dawowa daga 1802 zuwa 1804. Majalisar da yake cikinta ce a 1790 ta yi dokar da ta ce farar fata ɗa ne kawai zai iya neman zama ɗan ƙasa, bayan zaman shekara 2.

Dukiyarsa kuwa sai bunƙasa take. Ya kafa gandun shinkafa a wani tsibiri na kogin Altamaha da har yau ake kira da sunansa, da gandun auduga a tsibirin St. Simons, duka a jihar Jojiya. A shekarun 1790 yana da bayi kimanin 500. Shi kansa ba ya zama a can, yana Filadelfiya a babban gida, wakilai ke duba masa aiki suna aiko da kuɗi. Mutanen da ke cikin taɓo da sauro suna shuka shinkafar nan daga yankinmu na Afirka aka kwaso su ko iyayensu. A gandun maƙwabcinsa na St. Simons akwai wani Bafillace mutumin Masina mai suna Salihu Bilali, wanda aka rubuta cewa yana karanta Larabci, yana azumin Ramadan. Su ma baƙi ne a Amurka kamar Butler, sai dai su ba da son ransu suka zo ba, kuma jikokin jikokinsu da aka haifa a can doka ba ta ɗauke su 'yan ƙasa ba. A farkon 1815, da jiragen yaƙin Ingila suka iso tsibirin suka yi shelar 'yanci ga duk wanda ya bi su, fiye da mutum 100 daga bayinsa suka tafi ba waiwaye.

Akwai wata shari'a da muke so masu karatu su riƙe. Jihar Fensilbaniya, inda Filadelfiya take, ta yi doka tun 1780 ta kashe bauta sannu a hankali. Dokar ta yi rangwame ga matafiyi na wata shida da kuma 'yan majalisar tarayya. Wani bawansa mai suna Ben, wanda ke yi masa hidima a gidan Filadelfiya, ya nemi 'yancinsa da taimakon wani mai adawa da bauta, Isaac Hopper. Butler ya kai ƙara, hujjarsa ita ce shi mutumin Karolina ta Kudu ne, a Filadelfiya baƙo ne kawai. A 1806 kotun tarayya ta duba inda yake kwana yake tashi shekara da shekaru, har a lokacin da ba ya majalisa, ta ƙi karɓar hujjarsa, Ben ya tabbata ɗa. Mutumin da ya ci moriyar zama ɗan gari a inda ba a haife shi ba, ranar da zama baƙo ya fi masa riba sai ya ce shi baƙo ne.

Ya mutu a Filadelfiya ranar 15 ga Fabrairu 1822. Gandayen suka gangaro hannun jikokinsa. Ɗaya daga cikinsu, mai sunansa, ya lalata dukiyar da caca da cinikin hannun jari, bashi ya yi masa katutu. A ranakun 2 da 3 ga Maris 1859 aka kai mutum fiye da 400, maza da mata da jarirai, filin sukuwa kusa da birnin Savannah aka yi gwanjonsu cikin ruwan sama. Mutanen da suka tashi tare tun kakanni aka watsa su jihohi daban-daban. Zuriyarsu na kiran waɗannan ranaku lokacin kuka. Bayan shekara biyu yaƙin basasa ya ɓarke, kuma rikicin kamo bayin da suka gudu na cikin abubuwan da suka hura wutarsa. Fiye da mutum 600,000 suka mutu. Sai a 1865 aka soke bauta, a 1868 kuma aka yi gyara na 14 ga tsarin mulki, wanda ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ko aka ba shi zama ɗan ƙasa, ɗan Amurka ne kuma ɗan jihar da yake zaune ne. Abin da za a iya rubutawa da tawada a 1787, sai da aka rubuta shi da jini bayan shekara 81.

To, jama'a, ina wannan labari ya shafe mu?

Ya shafe mu ta wajen doka. Tsarin mulkinmu na 1999 shi ma baki biyu gare shi. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama duk inda ya so, na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, na 43 ya ba shi ikon mallakar fili ko gida a ko'ina. Amma sashe na 147 ya ce ministan da za a ɗauko daga kowace jiha sai ɗan asalinta, ba tare da an fayyace shekara nawa ko kaka nawa ke mayar da mutum ɗan asali ba. Wannan giɓi ne ya bar makomar yaro a hannun wanda ke riƙe da hatimi a ƙaramar hukuma. An kafa Sabon Badun tun 1916, kakanninmu sun yi fataucin goro da shanu sun ciyar da wannan gari gaba, amma bayan fiye da shekara 100 ana ce da jikokinsu 'yan kaka-gida. Mun ga abin da wannan ya jawo a Shagamu a 1999, da Jos a 2001, da kasuwar Shasha a nan kusa da mu a 2021. Alhali ba haka aka faro ba, domin a shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinsu. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha damar zama ɗan jihar. Hayaniya ta yi yawa, ya janye shi. Gardamar shekara 4 da 9 da 14 ta Filadelfiya ita ce muke yi yau.

A nan ya kamata mu yi wa masu masaukinmu adalci. Tsoronsu a kan ƙasar gado da sarautar gargajiya ba ƙarya ba ne, kowa na da irinsa a garinsu. Mu ba sarautar Olubadan muke nema ba, ba kuma gonar gadon kowa ba. Abin da muke nema shi ne yaron da aka haifa a nan, ubansa ke biyan haraji a nan, ya shiga makarantar gwamnati da kuɗin da kowa ke biya, ya nemi aiki da tallafin karatu kamar ɗan maƙwabcinsa.

Sai dai inda labarin Butler ya fi shafarmu shi ne cikin gidanmu, kuma wannan ita ce maganar da ba mu cika son ji ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yaya muke yi da ɗan ci-rani da ya sauka jiya da buhunsa, mai ga-ruwa, da mai acaba, da mai wankin takalmi, da 'yan'uwanmu na Nijar? Idan 'yan sanda suka yi kame, sau nawa muka ji manyanmu na cewa waɗannan ba namu ba ne, baƙi ne? Idan an zo zaɓen shugabannin ƙungiya ko rabon rumfa a kasuwa, sau nawa aka ce wane ba ɗan tsohon gida ba ne, yaushe ya zo? Idan an zo neman aure, ba mu taɓa jin an tono cewa kakan wane bawa ne ba? Kada mu manta ƙasar Hausa ma ta yi gandaye da rinji, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Sannan Ibo ko Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda kakansa ya sauka can da jirgin ƙasa, kukansa da namu iri ɗaya ne. Duk wanda a cikinmu zai ce a ba ɗansa takarda a Oyo, amma ransa ya ɓaci idan aka ce a ba ɗan Sabon Gari a Kano, to ya sani sahun Manjo Butler yake bi. Haƙƙin da muka nema wa kanmu kaɗai alfarma ce, wanda ya ba da alfarma kuwa yana iya karɓe abarsa ranar da ya ga dama.

Saboda haka muna kira ga jama'armu da abubuwa kamar haka.

Kowane magidanci ya yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, ya adana rasiɗin haraji da takardun gida da na rumfa. Kotun da ta saurari ƙarar Ben inda mutum yake zaune ta duba, mu ma ranar da za a tambaye mu shaidar zama kada a same mu da baki kawai.

Kowa ya yi rajistar zaɓe a nan inda yake zaune, a daina cika motoci ana tafiya gida jefa ƙuri'a. Tsarin mulki bai sa takardar indijin cikin sharuɗɗan tsayawa takarar majalisa ba, kuma ɗan siyasa ba ya jin kukan unguwar da ba ta da ƙuri'a.

Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu, ko namu ne ko na masu gari, a tambaye shi a gaban jama'a matsayinsa a kan haƙƙin mazauni, a Kudu da Arewa baki ɗaya. Kada hula da babbar riga da iya gaisuwa su ruɗe mu. Butler ma ya fara ne da kare ƙananan manoma.

Kwamiti zai buɗe littafin rajista ga duk wanda ke kwana a wannan zango, tsohon zama da sabon zuwa, kuma za mu kai wa babban taro shawarar cewa duk mai biyan kuɗin ƙungiya yana da ƙuri'a ɗaya da ikon tsayawa takara, ba tare da an tambayi gidan da ya fito ba. Mun san wasu iyayenmu ba za su ji daɗin wannan ba, muna ba su haƙuri, muna kuma roƙonsu su zo a tattauna.

Haka nan za mu nemi zama da ƙungiyoyin sauran baƙin wannan gari, Ibo da Nufawa da Tibi da Igbira da sauransu, da kuma ƙungiyoyin 'yan Kudu mazauna Arewa, domin idan an sake buɗe sauraron ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki mu kai takarda ɗaya da murya ɗaya.

Game da yaranmu uku, kwamiti ya ɗauki maganarsu, za a rubuta takardar koke a kai inda ya dace, kuma za mu sanar da ku abin da ake ciki a fitowa ta gaba. Duk mai irin wannan matsala ya kawo takardunsa ofishin sakatare bayan sallar La'asar.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu so wa ɗan'uwanmu abin da muke so wa kanmu, Ya taimaki Nijeriya. Amin.